Motocin Peugeot: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihin Kamfanin da Koke-koken Masu Hawansu

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan maimaitawa a gareji, a tasha, da bakin dillalan mota, duk lokacin da hira ta biyo ta kan Fijo. Na taso a zamanin da in an ce mota a Arewa, to Fijo ake nufi, kuma har yau ina jin wani abu a raina idan na ga tsohuwar 504 tana tafe da lodi. Don haka ba ɓatanci ya sa na tattara su ba. So nake wanda ke riƙe da motar nan, da wanda ke shirin saye, su san inda matsala take, su kuma san wadda daga kamfani ta fito da wadda mu muke jawowa da hannunmu.

Daga ina kamfanin Peugeot ya samo asali?

Peugeot sunan zuri'a ne, mutanen yankin Montbéliard da ke gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan. A shekarar 1810 wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da injin niƙan hatsi na gidansu masana'antar sarrafa ƙarfe. Zarto suka fara yi, da kayan aikin hannu. Daga baya aka shiga ƙera abin niƙa kofi, da abin niƙa masoro, sannan kekuna a 1882. Kusan shekara tamanin gidan ya yi yana aikin ƙarfe kafin maganar mota ta shigo.

Armand Peugeot ne ya dage sai an yi mota. A 1889 ya nuna wata mai ƙafa uku da tururi ke tuƙawa a baje kolin Paris, bai gamsu da ita ba, ya koma ga injin fetur na Daimler. Danginsa ba su yarda mota za ta yi kasuwa ba, saboda haka a 1896 ya ware ya kafa nasa kamfanin. Sai a 1910 ɓangarorin biyu suka sake haɗewa, kuma a 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda har gobe ita ce cibiyar Peugeot.

Me ya kawo zaki a tambarinta, kuma me ya sa lambobinta ke da sifili a tsakiya?

Zakin ya girmi motar. Tambarin zarto ne, wanda aka yi wa rajista a 1858, ana nufin haƙoran zarton sun yi kaifi da ƙarfin na zaki. Lambobin kuwa sun fara ne da 201 a 1929. Lambar farko tana nuna girman motar, ta ƙarshe kuma zubinta, shi ya sa aka yi 403, aka yi 404, aka zo 405, 406, 407. Kamfanin ya riƙe wannan tsari da kishi, har ya sa Porsche ta sauya sunan motarta daga 901 zuwa 911.

Yaya aka yi Fijo ta zama motar Arewa?

Tun kafin a fara haɗa ta a gida, 403 da 404 sun riga sun yi suna a hanyoyinmu. 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kira a-kori-kura, ita ce ta ɗauki buhunan hatsi da dabbobi da mutane zuwa kasuwannin ƙauye shekara da shekaru. Da kuɗin fetur suka shigo, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin. Aka kafa kamfanin PAN, wato Peugeot Automobile Nigeria, a 1972, aka gina masana'anta a Kakuri da ke Kaduna, ta fara aiki a 1975. Akwai lokacin da ta jirgin sama ake kwaso sassan motar daga birnin Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna, domin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe.

Gwamnati ta ɗauki 504 a matsayin motar aiki. Babban sakatare ita yake hawa, alƙali ita, ɗan sanda ita, ma'aikacin da ya karɓi bashin mota ita yake saye. Direbobin haya suka rungumi doguwar mai layin kujeru uku, daga Kaduna zuwa Kano, daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram. A Nijar ma sunan ya ƙara ƙarfi lokacin da Peugeot ta lashe gasar Paris zuwa Dakar sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, ana ratsa Agadas da Tenere.

Mene ne sirrin 504 da har yanzu ake kewarta?

An fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Amma ba kofuna suka sa direban Funtuwa ya so ta ba. Motar tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye rami, tayoyin baya ne ke jan ta, don haka lodi ba ya hana ta hawa tudu. Injinta na baƙin ƙarfe ne, mai kafireto, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, kuma ba ya tsanantawa wajen zaɓen fetur ko baƙin mai.

Babban abin shi ne, duk abin da ya lalace a jikinta ido yana ganinsa, kunne yana jinsa. Bakanike da sifana da sukundireba zai tayar da ita a ƙarƙashin bishiya a bakin hanyar Gusau. Kayan gyaranta kuma suna nan birjik a Panteka da Ƙofar Ruwa. An daina ƙera ƙaramar a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Wannan mota ce ta kafa ma'aunin da ake auna duk wata Fijo da shi, kuma daga nan rabin ɓacin ran da za a gani a amsoshin gaba ya samo tushe.

To me ya durƙusar da masana'antar Kaduna?

Abubuwa ne suka taru. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sassan da ake sayowa daga Faransa suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwa ta koma ga motocin hannu, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, akasarinsu na Japan. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na mota kuɗi a hannun ma'aikaci, babban mai saye ya janye ke nan. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin gwamnati ga ASD Motors, bashi ya yi yawa, hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka maƙale wa bankuna ta karɓe kamfanin a 2012.

Akwai kuma wani rauni da ya kamata a faɗa. Haɗawa aka fi yi, ba ƙerawa ba. Injin da giya da sauran manyan sassa daga waje suke zuwa, don haka ranar da kuɗin waje ya yi wuya, layin aiki ya tsaya. Duk wanda ya san Kakuri a lokacin da Fijo da masaƙu ke aiki, ya kuma gan ta bayan haka, ya san irin asarar da aka yi. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwa tsakanin Dangote da masu Peugeot ya fara haɗa 301 a wata sabuwar masana'anta da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Wa ke da Peugeot yanzu? Har yanzu zuri'ar ce?

Zuri'ar tana da hannun jari, amma ba ita kaɗai ke juya akala ba. Peugeot ta haɗiye Citroën a 1976, ta sayi reshen Chrysler na Turai a 1978, cinikin da ya kusa kai ta ƙasa har sai da ƙaramar 205 ta fito a 1983 ta cece ta. Ta fice daga kasuwar Amurka a 1991. A 2012 ta tafka asarar kusan yuro biliyan 5, abin da ya sa a 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin suka zuba kuɗi, kowanne ya karɓi kusan kashi 14 cikin ɗari.

A 2017 ta sayi Opel, sannan a Janairun 2021 ta haɗe da Fiat Chrysler aka kafa Stellantis, mai sunayen motoci 14. Wannan yana da muhimmanci ga mai mota, domin inji guda ake sakawa a Peugeot da Citroën da Opel. In injin yana da aibi, aibin ya bazu ke nan, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi PureTech.

Daga wace mota aka fara kuka da Fijo sosai?

Daga 307. Ta fito a 2001, ta ci lambar gwarzuwar motar Turai a 2002, kyakkyawa, mai faɗi a ciki, mai daɗin tuƙi. Amma zubin farko ya zo da tarin matsalolin lantarki: sandar sigina da ke jikin sitiyari tana lalacewa, fitilu su kunna kansu, allon gaba ya riƙa kawo saƙonnin gargaɗi, koyil ya ƙone. Ba a Najeriya kaɗai ba, a Turai ma an yi kuka, kuma kamfanin ya sha kiran motocin a dawo da su gyara. An gyara da yawa a zubin 2005, sai dai suna ya riga ya ɓaci.

A wajenmu abin ya fi muni domin mutane sun saye ta ne da tunanin jikar 504 ce. Suka tarar da mota mai magana da kwamfuta, alhali babu na'urar da za ta saurare ta a yawancin gareji. Dubi amsa ta gaba.

Mene ne BSI da bakanike ke yawan ɗora wa laifi?

Wani akwati ne na lantarki da ke cikin motar, wajen fis-fis. A tsohuwar mota kowace fitila da wayarta. A 307, da 206 da 406 na ƙarshe-ƙarshe, da duk waɗanda suka biyo baya, saƙonni ne ke bin 'yan wayoyi kaɗan, BSI kuma shi ne mai rarraba su: fitilu, makullin ƙofa, waifa, hon, har da izinin tayar da inji. Shi da mabuɗi da ƙwaƙwalwar inji a ɗaure suke da lamba guda, shi ya sa ba a ciro na wata mota a dasa kawai.

Abu uku ke kashe shi. Na farko ruwa, ko dai daga magudanar da ke ƙasan gilashin gaba idan ganye da ƙasa suka toshe ta, ko daga wankin inji da ruwa mai ƙarfi. Na biyu batir mai rauni, ko cire kan batir da garaje. Ƙa'ida ita ce a kashe mota, a jira kamar minti uku akwatin ya yi barci, sannan a cire. Na uku kuwa mai wayarin da ke yanke waya ya yi haɗin kai tsaye don ya saka rediyo ko ƙararrawar ɓarayi. Sau da yawa akwatin lafiyarsa lau, batir ne ko wayar da ke kama jikin mota ta yi tsatsa. Kada a yarda a sayi wani sai an duba da na'urar da aka yi don Peugeot, wato Diagbox ko tsohuwar PP2000, domin ƙananan na'urorin gama-gari ba sa karanta komai da komai.

Allon motata yana rubuta "Antipollution fault", tana kuma rage ƙarfi. Inji ya tafi ne?

Yawanci a'a. Saƙon na gama-gari ne, ma'anarsa ƙonewar mai ba ta tafiya daidai. Koyil ne, ko fulogi, ko na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa, ko nozul ya toshe saboda gurɓataccen fetur, ko matatar hayaƙin nan da ake kira indomi ta cushe. Wasu kan fasa indomin su zubar, saƙon kuma bai tafi ba, shan mai ya ƙaru. A karanta lambar matsalar tukuna. Amma in fitilar inji tana ƙiftawa, motar tana karkarwa, a tsaya, domin ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa yana ƙona ta.

Me ya sa ake tsoron giya mai sarrafa kanta a Fijo?

Saboda AL4. Giya ce mai hawa huɗu da Peugeot da Renault suka haɗu suka ƙera a ƙarshen shekarun 1990, aka saka ta a 206, 307, da yawancin 406 da 407 masu ƙaramin inji. Alamarta sananniya ce: ana cikin tafiya sai a ji ta buga kamar an daki mota ta baya, ta maƙale a giya ta uku, sai an kashe an sake tayarwa. Galibi wasu bawuloli biyu ne na lantarki masu daidaita matsin mai ke gajiya. Ana iya sauya su ba tare da an sauke giyar ba, amma mutane da yawa sun sayi giya sukutum saboda ba a gaya musu haka ba.

A nan kamfanin yana da laifi bayyananne. An tallata giyar a kan cewa manta ba ya buƙatar canji, alhali giya ce da ba ta jure zafi. Abin da zai wuce a sanyin Faransa ba zai wuce a cunkoson Kano cikin watan Afrilu ba. Mai irin wannan mota ya riƙa sauya man lokaci-lokaci, kuma da ainihin wanda aka ƙayyade mata, ba kowane jan mai ba. Ya kuma sani cewa ruwan lagireto ne ke sanyaya man giyar, don haka motar da ke zafi tana cin giyarta a hankali. Sababbin motocin da aka saka wa giyar Aisin ta Japan, mai hawa shida ko takwas, ba su da wannan kuka sosai.

Bakanike ya ce in cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. In yarda?

Kada ka yarda. Wannan dabara ce da aka gada daga zamanin kafireto, kuma a motar zamani ɓarna take yi. Ƙwaƙwalwar inji tana auna zafin ruwa kafin ta yanke yawan man da za ta ba shi. In inji ya ƙi kai zafin da aka tsara masa, sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai. Shan mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, fetur ya gangara cikin baƙin mai, sai saƙon da aka yi bayani a sama ya bayyana. Fankar da ke juyawa ba hutu kuma ba ta daɗewa.

In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, murfin tankin ruwa ba ya riƙe matsi, famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta shiga gudu na biyu. Ruwan rijiya da na famfo suna cin aluminiyam, suna tara gishiri a hanyoyin ruwa. Ruwan sanyaya inji na gaskiya ya fi sauƙi a kan gasket da kan inji.

Me ya sa ake yabon 406 amma ake gudun 407?

406 ta fito a 1995, an kuma haɗa ta a Kaduna shekaru da dama. Ita ce gada tsakanin tsohon zamani da sabo: tana da lantarki amma bai yi mata yawa ba, tana kwanciya a hanya, tana jure doguwar tafiya, musamman mai giyar hannu. Bakanikenmu sun san ta, kayanta suna samuwa. A ganina ita ce Fijo ta ƙarshe da ta dace da hanyarmu ba tare da an yi mata uzuri ba.

407 ta zo a 2004 da dogon hanci da ke kusa da ƙasa, kowane tudun rage gudu sai ya taɓa ta. Boljoyin ɗin ƙafar gaba na ƙasa yana saurin ci domin ruwa da ƙasa suna shiga, kuma wannan kuka ne da aka yi har a Turai inda hanya take sumul. Ga na'urorin auna iskar taya da ke yawan kawo ƙara. Mota ce mai daɗi a kan kwalta mai kyau, amma ba a yi ta don hanyar Birnin Gwari ba.

Ina jin ana maganar THP da PureTech. Mene ne aibinsu?

THP inji ne mai lita 1.6 da turbo, wanda aka ƙera tare da BMW, ya fara fita a 2006. Yana cikin 207, 308, 3008, 508 da RCZ. Yana da ƙarfi, amma na farkon sun yi fama da sarƙar taimin da ke saki, ana jin ƙararta da safe, da famfon fetur mai matsi da ke mutuwa, da baƙin gawayi da ke taruwa a bawul, da shan baƙin mai. An inganta shi a zubin baya.

PureTech mai lita 1.2 da silinda uku shi ne ya fi jawo wa kamfanin baƙin jini a Turai. Ya ci kyaututtukan inji mafi kyau a ajinsa daga 2015 zuwa 2018, an saka shi a 208, 2008, 308, 3008 da 'yan'uwansu na Citroën da Opel. Bel ɗin taimin ɗinsa a cikin baƙin mai yake wanka, wai don a rage gogayya da shan fetur. Sai ya zamana idan fetur ya gauraya da man, musamman a motar da ke gajerun tafiye-tafiye cikin gari, bel ɗin yana kumbura yana marmashewa. Ɓarɓashin ya toshe rariyar famfon mai, inji ya rasa mai. Yana kuma iya toshe famfon da ke taimaka wa birki, feda ta yi tauri. Magana ta tashi daga asarar kuɗi ta koma ta rai.

Waɗannan motoci sun fara shigowa kasuwarmu a matsayin na hannu, kuma ina jin tsoron abin da zai biyo baya, domin inji ne da ba ya yafe baƙin mai na bogi ko jinkirin juye.

Kamfanin ya amsa laifinsa? Akwai diyya?

Ya amsa, amma bayan an daɗe ana jan rai. An kira motoci masu PureTech gyara a 2020 da 2022, an rage wa'adin sauya bel zuwa shekara 6 ko kilomita 100,000. Masu motoci a Faransa suka haɗa kai, suka ɗauki lauyoyi. A 2024 Stellantis ta tsawaita garanti a kan wannan matsala zuwa shekara 10 ko kilomita 175,000, a farkon 2025 kuma ta buɗe shafin intanet na neman a mayar wa mutum kuɗin gyaran da ya riga ya kashe. Sabon zubin injin ya koma amfani da sarƙa, wanda shi kansa amsa laifi ne.

Sharaɗin shi ne a nuna takardun da ke tabbatar da an yi sabis a kan lokaci da man da aka ƙayyade. Tsarin kuma don kasuwannin Turai aka yi shi. Wanda ya sayi motarsa a Kwatano, ta bi hannu uku ba takarda ko ɗaya, kada ya sa rai.

Masu dizal fa?

Tsofaffin injinan dizal na Peugeot suna cikin mafi ƙarko da aka taɓa yi. Na zamani su ne masu laulayi. Peugeot ta saka matatar toka a salansar motar dizal tun a 607 cikin shekarar 2000, kuma matatar tana son dizal mai tsabta da doguwar tafiya. Na baya-bayan nan, BlueHDi, suna da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue, wanda ke daskarewa ya kashe famfonsa, sai mota ta fara ƙirga kilomitocin da suka rage kafin ta ƙi tashi. Mai lita 1.5 kuma yana da siririyar sarƙa mai milimita 7 da ke tsinkewa, har aka mayar da ita 8. Ga wanda ke zaune inda ba a tabbatar da ingancin dizal ba, shawarata ya tsaya a fetur.

Gaskiya laifin wa ya fi yawa, kamfani ko masu gyara?

Ba na son amsar nan da ake bayarwa cewa Fijo ba ta da matsala, bakanike ne bai iya ba. Ba gaskiya ba ce. Bawulolin AL4, boljoyin 407, sarƙar THP, bel ɗin PureTech, duk a Turai aka fara kuka da su, inda ake da ƙwararru da mai mai kyau. Kuskuren ƙira ne, kuma sau da yawa mai mota ne ya biya kafin kamfani ya motsa.

Sai dai mu ma muna ƙara gishiri. Ana zuba baƙin mai mai kauri irin na 504 a injin da aka yi wa siririn mai. Ana barin bel ɗin taimin sai ya tsinke, alhali in ya tsinke bawuloli ne ke lanƙwashewa. Ana gyara da canke, a sauya wannan a sauya wancan. Ban ga laifin bakaniken da ya koyi aiki a kan 504 ba, domin ba wanda ya koya masa sabon tsari, ba wanda ya sauƙaƙa masa na'ura. Kamfanin da ya ci kasuwar ƙasa shekara talatin ya kamata a ce ya yi wannan aiki fiye da yadda ya yi. Motar Japan ta samu wuri ne domin tana haƙuri da irin riƙonmu, Fijo ta zamani kuwa ba ta yi.

Me ya sa take faɗuwa warwas idan an zo sayarwa?

Tsoro ne ke yanke farashi. Dillali ya san mai saye zai tambayi bakanikensa, bakanike kuma zai ce a nemi Toyota ko Honda, domin su ya sani, kayansu ke kusa. Haka 406 mai lafiya take shan hukuncin 307 marar lafiya. Ga mai saye wannan dama ce, zai samu mota mai kyau da kuɗi kaɗan. Ga mai niyyar ya hau shekara ɗaya ya sayar kuwa, asara ce tabbas.

In duk da haka ina son Fijo, me zan duba kafin in biya?

Ka fara neman bakanike kafin ka nemi mota. In garinku babu mai Diagbox da ya san Peugeot, ka sake tunani. Ka je ganin motar da sassafe kafin a tayar da ita, domin ƙarar sarƙa da hayaƙi a sanyi suke fitowa. Ka kunna mabuɗi ka tabbata fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu, don wasu na cire ƙwan. In fanka ta tashi tare da inji, an yi mata haɗin da aka yi magana a kansa a amsar tamostat. Ka ɗaga kafet ka taɓa ko akwai damshi kusa da akwatin fis, ka duba ko an yayyanke wayoyi.

Mai giya da kanta, ka tuƙa ta aƙalla rabin awa har ta yi zafi sosai, cikin cunkoso, domin AL4 ba ta nuna halinta a zagaye ɗaya. Mai PureTech, ka buɗe murfin zuba baƙin mai ka haska fitila, ana hango bel ɗin daga nan: in ya tsattsage ko gefensa ya yi gashi, ka bar ta, ko a rage kuɗin bel da wanke rariyar mai. Don zirga-zirgar yau da kullum, 406 mai giyar hannu, ko 301 mai inji 1.6 marar turbo, sun fi sauƙin riƙo. Ranar da ka karɓi mabuɗi, ka sauya bel ɗin taimin da famfon ruwa da baƙin mai da ruwan lagireto, ko da mai sayarwa ya rantse jiya aka yi, ka kuma rubuta kilomitar a littafi.